Madatsar Maga da ƙananan halittun yayre: abin da ya sami kwaɗi da dodon koɗi a fadamar Logon

Tsakanin Yagwa da Kuseri, a Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, kogin Logon yana da ɗabi'ar da ta raya jama'a tun kaka da kakanni. Duk shekara wajen watan Satumba yakan cika ya tumbatsa, ya malala yamma cikin wani shimfiɗaɗɗen fili na baƙar laka da ake kira yayre, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000. Ruwan ba shi da zurfi, a yawancin wurare bai wuce ƙugun mutum ba. Yakan kwanta wata uku zuwa huɗu, sannan ya janye ya bar ciyawa shar. Kotoko da Musgum suna kamun kifi, Fulani da Larabawan Shuwa suna shigowa da shanu idan ƙasa ta tsane, mu Hausawa kuma galibi muna bakin kasuwa da banda da shinkafa da fata, a Maga da Pus da Kuseri da Marwa.

A shekarar 1979 aka gina madatsar Maga, aka kuma ja jinga a gefen kogin, domin gonakin SEMRY, hukumar gwamnati mai kula da noman shinkafa a yankin. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan abin da wannan ya jawo wa shanu da kifi da namun gandun dajin Waza, wanda ke gefen fadamar. Wannan nazari zai bi lamarin ta ƙasa, ta wajen kwaɗi da dodon koɗi da tsutsotsin ruwa, domin a ganina can ne aka fi gane abin da ya lalace da kuma dalilin da ya sa gyaran da aka gwada daga baya ya yi aiki.

Rani a cikin laka

A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa. Laka ta bushe ta dare, tsagarta tana iya cinye hannun mutum har gwiwa. Baƙo zai rantse babu mai rai a wurin. Masu haƙar gaiwa sun san ba haka ba ne. Sukan bi busasshen tafki suna neman wani ɗan rami a saman laka, su haƙa, su zaro kifin a naɗe cikin kubensa, yana numfashi da huhu yana jiran damina. Abin da gaiwa take yi, halittu da dama a wannan fili suna yin irinsa, kowace da dabararta.

Akwai wani ƙaton kwaɗo mai faɗin kai da masana ke kira Pyxicephalus. Idan ruwa ya fara ƙafewa sai ya riƙa nutsewa cikin laka da baya, yana tona ƙasa da wani ƙullutu mai tauri da ke tafin ƙafarsa ta baya. Idan ya yi nisa sai ya tsaya, ya riƙa saɓa fata yana barinta a jikinsa, ɗaya bisa ɗaya kamar ɓawon albasa, har ta lulluɓe shi duka ban da hanci. Wannan rufi shi ke hana ruwan jikinsa tsiyayewa. Yana da ajiyar ruwa a mafitsara, bugun zuciyarsa ya ragu, ba ci ba sha har wata bakwai ko fiye. Wani ƙaramin kuma mai tsinin hanci, Hemisus, da kai yake shiga ƙasa, abincinsa gara da tururuwa. Macen ba ta jiran tafki ya cika. Takan haƙa ɗaki a cikin ƙasa mai damshi kusa da inda ruwa zai taru, ta zuba ƙwai ta kwanta a kansu, idan ruwan sama ya zo 'ya'yan su sami hanya su faɗa tafki sun riga sauran girma. Mafi ban mamaki a wurina shi ne ɗan mitsitsin kwaɗon ciyawa, Hyperolius nitidulus, wanda ba ya ɓuya ko kaɗan. 'Ya'yan da aka haifa a ƙarshen damina sukan hau busasshen kara su naɗe ƙafafu, su manne, fatarsu ta koma fari fat tana mayar da hasken rana, su zauna haka cikin iskar hunturu da zafin bazara har ruwa ya sauka.

Burduddugi shi ba ya son irin wannan dogon barci. Shi ne wanda masana ke kira Hoplobatrachus occipitalis, babban kwaɗon da ake ci. Da rani yakan tattaru a duk inda ruwa ya rage: ƙasan tafki, bakin rijiya, magudanar gona. Wannan hali nasa zai dawo mana nan gaba, domin shi ne ya sa kama shi ya yi sauƙi.

A ƙarƙashin waɗannan akwai waɗanda ido ba ya ganinsu. Ƙurar da iska ke kwasa daga busasshen tafki cike take da ƙwayayen wasu ƙananan halittu dangin jatan lande, masu iyo a rigingine, da na wasu da ba su kai ƙwayar gero ba. Ƙwan yana iya shekaru a bushe bai mutu ba, wasu ma ba sa ƙyanƙyashewa sai sun sha bushewar tukuna. Babban dodon koɗin fadama yana da murfi a bakin katantanwarsa, sai ya ja shi ya rufe ya nutse cikin laka. Ƙananan da ake kira Bulinus ba su da murfi, sukan shige tsagar laka ko gindin ciyawa su toshe bakin da majina. Tana ta yi ƙasa can inda sanyi yake.

Ruwan sama ke fara tashinsu, ba kogi ba. A watan Yuni zuwa Yuli, idan aka yi ruwa mai ƙarfi na farko, laka ta kumbura tsagar ta rufe, kowane kwari ya riƙe ruwa. A daren nan kukan kwaɗi ba ya barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. A lokacin ne kuma shinge ke fitowa daga suri, abinci ya samu ga wanda ya yi wata bakwai da yunwa. Da safe idan ka duba bakin ruwan za ka ga ƙwan kwaɗon gida a jere cikin dogon zare mai yauƙi, baƙaƙe, an naɗe su a jikin ciyawa, na wasu kuma suna yawo a saman ruwa. Kwana biyu sun fashe. Abin da ya sa kwaɗi ke wannan gaggawa shi ne waɗannan tafkuna ba su haɗu da kogi ba tukuna, saboda haka babu tarwaɗa babu karfasa a ciki. 'Ya'yan suna kankare gansakuka da ruɓaɓɓiyar ciyawa da kashin shanun da makiyaya suka bari tun rani. 'Ya'yan burduddugi kuwa mafarauta ne, bakinsu da ƙarfi, suna cin tsutsar sauro da 'ya'yan wasu kwaɗin. Tare da su akwai tsutsar mazari da ƙwaron ruwa, su ma duk mafarauta.

Kafin kogi ya iso a Satumba, yawancin 'ya'yan kwaɗin sun zubar da wutsiya sun hau tudu. Ambaliya ta zo da kifi masu ƙwai, ta tarar da ruwa ɗumi cike da tsutsa da ƙananan halittu, 'ya'yan kifi su yi ta ci suna girma cikin ciyawa inda manya ba sa iya binsu. Bandar da ake saukewa buhu-buhu a kasuwar Marwa daga nan naman jikinta ya fito.

Tsawon kwanan ruwa

Abin da ke raba wa waɗannan halittu rabo shi ne kwanakin da ruwa ke yi a wuri kafin ya ƙafe. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro, a irin zafin nan namu, daga ƙwai zuwa tashi mako guda ne zuwa kwana 10. Sawun kofaton saniya da ya riƙe ruwa ya ishe shi, kuma ya fi son irin wannan ruwa domin babu mai cinsa a ciki. Ɗan kwaɗo yana bukatar mako 3 ga masu sauri, wasu har wata 2. Idan tafki ya ƙafe kafin nan, za ka tarar da su baƙi ƙirin a dunƙule cikin ragowar taɓo suna mutsu-mutsu, balbela na tsinta, shekarar ta tafi a banza. Tsutsar mazari ita ma makonni take so. Ruwan da ba ya ƙafewa sam kuma na kifi ne da matsattsaku da dodon koɗin da ba ya jure fari.

Wato ruwan kwana 10 na sauro ne, ruwan dindindin na kifi da dodon koɗi, na tsakiyar kuma, wanda ke yin wata biyu zuwa biyar sannan ya bushe sarai, shi ne na kwaɗi da masu cin tsutsar sauro. Yayre ta asali kusan dukkanta wannan na tsakiyar ce. Bushewar ma aiki take yi: tana kashe kifin da ya maƙale a tafki kafin damina mai zuwa, tana rage dodon koɗi, tana gasa ƙwayayen da ke jiran zafi, tana buɗe laka iska ta shiga.

Abin da aka yi a 1979

An kafa SEMRY a 1971, ta fara da gonakin Yagwa. Kashi na biyu shi ne na Maga. Aka gina madatsar ƙasa mai tsawon kilomita 27 daga wajen Pus zuwa Girbidik, ta tare ruwan Mayo Tsanaga da Mayo Bula masu gangarowa daga duwatsun Mandara, aka kuma ja wani daga Logon zuwa cikin tafkin. Jingar da aka yi a gefen kogi ta toshe wasu ƙoramu da ambaliya ke bi ta shiga fadama. Niyyar ba mummuna ba ce. Ƙasar ta fito daga farin 1973, ana neman abincin da bai dogara da ruwan sama ba. Sai kuma aka yi rashin sa'a aikin ya faɗo cikin shekarun ƙarancin ruwa, har da babban farin 1984, ta yadda madatsa da fari suka haɗu a kan fili ɗaya.

Kimanin murabba'in kilomita 1,500 a arewacin madatsar suka daina samun ambaliya, har da gabashin gandun dajin Waza. Ciyayi masu daɗewa, irin su shinkafar daji da dangin burugu, waɗanda saiwarsu ke rayuwa a ƙasa su toho bayan an ƙona, suka mutu. Dawar daji mai shekara ɗaya ta maye gurbinsu, ita kuwa da ta bushe shi ke nan. Mariya a Waza, wadda ta kai kusan 20,000 a shekarun 1970, ta koma 'yan dubbai kaɗan. Masunta da makiyaya da yawa suka tashi. IUCN, ƙungiyar duniya mai kare muhalli da halittu, ta ƙiyasta asarar da fiye da dala miliyan 2 a kowace shekara.

Ga yadda nake karanta wannan ta fuskar ƙananan halittu. Ruwan sama bai daina taruwa a kwari ba, don haka kwaɗi ba su rasa wurin zuba ƙwai gaba ɗaya ba. Abin da suka rasa shi ne abin da ke biyo baya. Ɗan kwaɗon da ya fito a Agusta yana bukatar watanni na ciyawa ɗanya da ƙwari kafin ya tara kitsen da zai kai shi damina ta gaba, ambaliya ce ke ba shi wannan har Disamba. Yana kuma bukatar laka mai taushi da zai tona a lokacin da ya dace. Inda ambaliya ta ɗauke, ƙasa takan bushe tun Oktoba, inda saiwar ciyawa ta mutu kuma, kofato da rana su daddale wurin ya zama faƙo. Kwaɗo ba ya tona faƙo, tana ma ba ta zama a ciki. Tafkunan da ambaliya ke cikawa su kai Fabrairu ko Maris, inda burduddugi ke fakewa, suka koma masu ƙafewa da wuri. Ruwan tsakiya ya gajarce ya matsa kusa da ruwan sauro.

A kudancin madatsar da cikin gonakin shinkafa kuma akasin haka ya faru. Aka sami babban tafki da magudanai masu ruwa a hankali, da ciyawa a gefe, kusan duk shekara. Wannan shi ne gidan da dodon koɗin tsargiya ke so. Yadda cutar ke zagayawa sananne ne: mai ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya fashe, ta nemi Bulinus ta shiga, bayan kamar wata guda dubbai su fito suna iyo, su huda fatar yaron da ke wanka ko matar da ke dashen shinkafa. Bayan wata biyu zuwa uku a ga jini a ƙarshen fitsari. Irin tsargiyar da ke kama hanji da hanta tana bi ta wani dodon koɗin daban, Biomphalaria, wanda ya fi bukatar ruwan da ba ya yankewa. Akwai kuma na uku da ke ɗauke da tsutsar hantar shanu, wadda mahauta ke gani idan sun tsaga hanta.

A nan dole a yi adalci. Tsargiya ta riga madatsa zuwa wannan ƙasa. Akwai wani Bulinus, senegalensis, da ya ƙware a kududdufin damina, kuma yara a ƙauyukan da ba su taɓa ganin magudanar shinkafa ba suna kamuwa ta hanyarsa. Bambancin shi ne kududdufi yana rufe kasuwarsa idan ya ƙafe, magudana kuwa ba ta da ranar hutu. Kuma dubban iyalai suna ci daga shinkafar Maga, tafkin kansa ya zama wurin su mai albarka. Wanda ya ce a fasa madatsar bai zauna da mutanen wurin ba.

Gwajin 1994

Daga ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin Kamaru da IUCN, da tallafin ƙasar Holan, suka fara shirin Waza-Logon na farfaɗo da fadamar. A 1994 aka yi abu mai sauƙi: aka buɗe jinga a bakin wata ƙorama da ake kira Karamar Goroma, kusa da Tekele, ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa zuwa rafin Logomatiya. Fili kusan murabba'in kilomita 200 ya sake shan ambaliya. A 1997 aka buɗe ta biyu, Aretekele.

Ba a shuka ciyawa ba, ba a zuba 'ya'yan kifi ba, ba a kawo kwaɗo daga wani wuri ba. Cikin 'yan shekaru ciyayi masu daɗewa suka riƙa ƙwace fili daga dawar daji. Shanun da ke kiwo a wurin suka ninka fiye da biyu. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta tashi daga kusan 60,000 a farkon shekarun 1990 zuwa kusan 105,000 a 2000, ko da yake damina ma ta gyaru a waɗannan shekaru, kuma masu binciken sun faɗi haka. A ƙauyen Andirni, a gefen kudu na Waza, inda mutanen gari suka hana a taɓa bishiyoyin da zalɓe mai baƙin kai ke sheƙa, sheƙuna suka tashi daga kusan 750 zuwa kusan 2,500.

Wannan adadi na zalɓe shi na fi riƙewa. Tsuntsun nan ba kifi kaɗai yake ci ba, mafaraucin fili ne: kwaɗi, fara, ɓeraye, ƙadangaru. Sheƙa 2,500, kowace da bakuna biyu ko uku a buɗe, ba ta tsayuwa sai ƙasa tana fitar da abinci mai yawan gaske. Haka wani baƙin tsuntsu dangin shamuwa, wanda bakinsa ba ya haɗuwa a tsakiya, kusan dodon koɗi kaɗai yake ci, yana zaro naman ya yar da katantanwar. Inda ka ga garkensa, ka san abin da ke cikin laka. Rahotannin shirin sun ƙirga ciyawa da shanu da kifi da tsuntsaye, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana tsaye ne a kan masu barci a ƙasa. Saurin farfaɗowar ya nuna ƙwayaye da saiwoyi da ragowar kwaɗi a gefe-gefe sun jure shekara 15 suna jira.

Abin takaici, babban sakin ruwa da aka tsara daga tafkin Maga da daga kogi, wanda zai mayar da mafi yawan filin da aka rasa, bai samu ba. A 2006 aka sa hekta 600,000 na fadamar cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Suna ne mai kyau, amma suna ba ya buɗe ƙofar madatsa.

Matsin da ya zo daga baya

Yau abin da ke gajarta kwanan ruwa ba madatsa kaɗai ba ce. Masunta suna haƙa dogayen magudanai daga tafkunan cikin fadama zuwa kogi, su kafa taru a baki, idan ruwa ya fara janyewa kifi ya biyo ya faɗa. Da can 'yan kaɗan ne a hannun wasu gidaje, yanzu sun kai dubbai. Dabara ce mai kawo kifi, ba mai musun haka. Sai dai tafkin da aka huda wa ciki ba ya kai lokacin da ya saba kaiwa. Batun ramuka da ruwa tsakanin masunta da makiyaya yana cikin abin da ya haddasa rikicin Logon-Birni a 2021, wanda ya kori dubban mutane zuwa Cadi. Idan ruwan rani ya yi ƙarancin da mutane za su zub da jini a kansa, ba sai an tambayi halin da kwaɗo ke ciki ba.

Sai kamun burduddugi. Da rani, idan tafki ya rage kamar faɗin masussuka, samari kan zagaye shi da dare da tocila. Haske ya dalle idon kwaɗo, sai ya daskare, a sa hannu a ɗauka a jefa buhu. Da safe a farke ciki, a shanya ko a ƙyafe a kan waya kamar yadda ake banda, a ɗure a kai iyaka. Kasuwarsa tana Nijeriya. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya gano 'yan kasuwa 32 kacal a kudu maso yammacin ƙasar suna hada-hadar kwaɗi kusan miliyan 2.7 a shekara, galibi burduddugi, daga arewa da ƙasashe maƙwabta. Na taɓa tsayawa a rumfar wani dattijo dillalin banda da ke haɗawa da wannan kaya, na ce, "Baba, su ma sun shiga layi ke nan?" Ya ɗaga ɗaya ta ƙafa ya ce, "Ɗana, ni ba na ci, amma masu ci suna biya lakadan. Damuwata ɗaya, manyan sun yi wuya, sai irin waɗannan." Wanda ya ɗaga bai cika tafin hannu ba.

Manyan nan da suka yi wuya mata ne, domin a burduddugi mace ta fi namiji girma, kuma ita ke ɗauke da ƙwan damina mai zuwa. Kama su a Maris da Afrilu, a wurin da duk suka taru don ba su da wata mafaka, shi ne mafi tsadar kamu ga tafkin. Malamanmu sun san hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana kashe shi. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan cinsa, Malikiyya sun sauƙaƙa, wasu sun hana. Ba fatawa nake bayarwa ba. Ina dai ganin al'ummar da ke da wannan ruwaya a hannunta bai kamata ta zama dillaliyar share tafki ƙarƙaf ba tare da ta ko yi tunani ba.

Na uku shi ne feshi. Manoman masakwa, wato dawar rani da ake dasawa a laka, waɗanda da suke sheme ciyawar laka da adda su ƙona kafin dashe, yanzu da yawa maganin ciyawa suke fesawa a Satumba da Oktoba, daidai lokacin da ƙananan kwaɗi suka cika ciyawar. Kwaɗo da fata yake shan ruwa, da ita kuma yake wani ɓangare na numfashinsa, abin da ya taɓa ta ya shiga jini. Mafi muni shi ne wanke famfon feshi a kududdufi da jefa kwalbar a ciki. Maganin ƙwari na endosulfan, wanda aka daɗe ana fesa wa auduga kuma yake da mugun dafi ga kifi da 'ya'yan kwaɗi, an sa shi cikin jerin haramtattu na yarjejeniyar Stockholm a 2011. Waɗanda suka maye gurbinsa ma ba a yi su don a zuba a ruwa ba.

Inda maganar take yanzu

Tun daga ambaliyar 2012, wadda ta yi barazana ga madatsar Maga ta raba dubban mutane da gidajensu, akalar magana ta juya. A 2013 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 108 don gyara madatsar da jingar Logon. Ruwa ya sake yin ɓarna a 2022 da 2024, Yagwa da Kuseri sun sha wuya. Wanda ruwa ya ci ɗakinsa jinga yake so, mai tsayi, kuma yana da gaskiya. Tsorona shi ne a ɗauki kowace ambaliya a matsayin abokiyar gaba, a toshe bakin ƙoramu da sunan kariya, a maimaita 1979 kaɗan-kaɗan. Ruwan da aka hana shiga yayre ba ɓacewa yake ba, gaba yake yi ya tarar da gari.

Abin da gwajin 1994 ya koyar ana iya aiki da shi ba tare da an taɓa shinkafar kowa ba. Jinga ta kare gari da gona, amma a bar mata ƙofofi a bakin tsofaffin ƙoramu. A riƙa yashe Mayo Birik, hanyar da ke fitar da ruwa daga tafkin Maga zuwa fadama, domin ta ɗauki ruwa a shekarar cika maimakon ya taru a bayan madatsa. Lawanai da bulamomi, waɗanda dama su ke raba wuraren su, suna iya ware wasu tafkuna a kowane yanki da ba za a huda su da magudana ba, ba kuma za a shiga da tocila ba daga Maris har ruwa ya sauka. A cikin gonakin shinkafa, busar da magudanai na 'yan makonni tsakanin noma biyu da cire ciyawar gefensu yana rage dodon koɗi, kuma maganin praziquantel da ake raba wa 'yan makaranta zai fi amfani idan akwai masai kusa da wurin aiki da wurin wanka.

Lokacin sakin ruwan ma yana da muhimmanci kamar yawansa. Wanda aka saki a Satumba, a kan ƙasar da ruwan sama ya riga ya jiƙa, yana tafiya nesa, ya tarar da ciyawa tana girma da kifi da ƙwai a ciki. Wanda aka saki a Janairu don rage wa madatsa nauyi zai tarar da shanu sun shigo, masakwa ta yi kai, kwaɗi sun riga sun rufe kansu a laka, ya tashe su a tsakiyar hunturu babu shinge babu ƙwari, sannan ya ƙafe cikin mako biyu.